Ƙarfe Biyu da Minti Ashirin

In ka tambayi Baba Agogo ƙarfe nawa, ba zai ce maka "wajen uku" ba. Wajen uku a wurinsa zancen malalata ne. Zai juya wuyan hannu, ya ɗan runtse ido ɗaya, ya ce uku saura minti huɗu. In ka tsaya kana kallonsa kuma, ya ƙara da cewa yanzu saura uku, kai ka cinye ɗayan. Mutane da yawa sun ɗauka iyayi ne. Ba iyayi ba ne, sana'a ce ta bi jiki.

Shekara ashirin da shida ya yi da ɗan teburinsa mai gilashi a ƙarƙashin wata baranda, tsakanin mai gyaran takalma da shagon magani. Kayan aikinsa ba su cika aljihu biyu ba: madubin ido ɗaya, hantsaki, da ƙusoshin da sai ka riƙe numfashi kafin ka ɗauke su. Ba ya sauri, wannan kowa ya sani. Agogon da wani zai buɗe ya rufe kafin shayi ya huce, shi sai ya wuni da shi. Da wayar hannu ta zo ta kwashe masa rabin kasuwa bai yi ƙorafi ba, ya ce masu agogon kirki suna nan. Ba wayar ce ta tashe shi daga teburin ba, wata Laraba ce.

Ran nan ya dawo gida cin abincin rana ya tarar da matarsa ta ajiye dutsen guga, ta zauna a bakin gado tana haɗa gumi. Ta riga ta kira 'yarsu a waya, wadda take karatu a wani gari, ta ce mata ƙirjinta ya yi nauyi. Ƙarfe ɗaya da minti talatin da biyar ke nan. Ta ce masa olsa ce, a bar ta ta kwanta. Bai bar ta ba. Ya tare tasi, suka sha cunkoso, ya tallafo ta ya sauke ta a ƙofar sashen gaggawa na babban asibiti. Yana saukowa ya dubi hannunsa, don shi ko atishawa zai yi sai ya duba. Ƙarfe biyu da minti ashirin.

Aka ce masa sai da kati. Ya zaunar da ita a benci ya bi layi. Da ya kai taga aka ce ai tana da tsohon fayil, sai an nemo shi. Sau uku yana komawa yana roƙon a duba ta, sau uku ana ce masa Baba ka yi haƙuri, kowa a nan mara lafiya ne. Da fayil ɗin ya fito aka buga masa hatimi, ƙarfe huɗu da minti biyar. Likita ya zo da gudu, ya yi iya ƙoƙarinsa. Huɗu da minti ashirin da biyu ta cika. Bugun zuciya ne, jijiya ce ta toshe.

Takardar da aka ba su ta ce an kawo ta ƙarfe huɗu da minti biyar, kuma an kawo ta a makare.

Yayanta, wanda duk gidan ke kira Kawu, shi ya karanta takardar a gaban dangi. Mutum ne mai murya, kuma ƙanwarsa ɗaya ce tak a duniya. Ya ce, "Tun ɗaya da rabi ta kira yarinyar nan. Ina kuka tsaya har ƙarfe huɗu? Ko sai da ka koma ka ƙarasa agogon wani?"

"Biyu da minti ashirin muka isa, Yaya."

"Ga takarda, ga hatimin asibiti. Su za su yi maka ƙarya?"

To, wa zai ƙaryata hatimi don bakin mai gyaran agogo, wanda duk unguwa ta shaida nawarsa? Maganar Kawu ta yi masa zafi, amma zafin da za a iya haɗiyewa ne. Wanda ya kasa haɗiyewa shi ne na 'yarsa, wadda yake kira Uwata. Ita ba ta zarge shi ba. Ta karɓi takardar ta ninke ta saka a jaka, kuma daga ranar ba ta taɓa tambayarsa abin da ya faru ba. Ta gama karatu, ta yi aure, tana zuwa gaishe shi duk ƙarshen mako, ta durƙusa, ta kawo masa jikoki. Amma da an doshi zancen mahaifiyarta sai ta tuna ta bar ruwa a kan wuta. Ya gane shirun nan sarai. Yarinya ce da ke tsoron ta tambaya a ba ta amsar da ba za ta yarda da ita ba. Abin da yake nema a duniya bai wuce ranar da za ta tambaye shi ta kuma yarda ba.

Bayan shekara guda ya ji asibitin na neman masu tura gadon marasa lafiya. Ya rufe teburinsa ya tafi. Maƙwabtansa na baranda suka ce baƙin ciki ya taɓa shi: mutum da sana'arsa a hannu zai koma turin gado a wurin da matarsa ta mutu?

Tun ranar farko ya tsiro da wata ɗabi'a. Duk wanda ya ɗauko daga mota, sai ya yanki ɗan filasta, ya dubi hannunsa, ya rubuta lokaci da biro, ya manna wa mara lafiyan a bayan hannu. In fayil ya fito, ko bayan awa nawa ne, sai ya bi sawu ya ɓare filastar ya manna ta a cikin bangon baya na fayil ɗin. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya karanta. Sista Babba, shugabar nas-nas ta sashen, mace mai faɗa da kirki a haɗe, ta ce da shi filastar asibiti ta ciwo ce ba ta zane ba. Washegari ya zo da tasa a aljihu. Ta dube shi ta girgiza kai, ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka, Baba Agogo." Sunan ke nan da ya bi shi. Shekara tara yana wannan aiki.

A shekara ta tara aka kawo wata likitar zuciya, siririya, mai saurin tafiya, wadda ba a yi wata guda ba ma'aikata suka laƙaba mata Dakta Me-ya-sa. Ko ƙofa ta gani a rufe sai ta tambayi dalili. An saka asibitin cikin wani bincike tare da wasu asibitoci goma sha uku, ita ce mai kula da nasu ɓangaren. Abin da ake aunawa biyu ne: minti nawa ake yi daga isowar mai bugun zuciya zuwa lokacin da za a yi masa allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya, sannan mutum nawa ke raye bayan kwana talatin. A wannan ciwo kowane minti naman zuciya ne ke mutuwa, wanda ya mutu kuma ba ya dawowa.

Da sakamakon farko ya fito, ya hana ta sukuni. A sauri, asibitinsu ne na biyu cikin goma sha huɗu, minti talatin da takwas kacal. Shugaban asibiti har ya sa an manna takardar a allon sanarwa. Amma a mutuwa su ne na kusa da ƙarshe, cikin kowane mutum biyar ɗaya ba ya kai wata. Maganin iri ɗaya ne da na sauran, likitocin ba jahilai ba ne. Wasu suka ce mutanen nan ne ba sa zuwa da wuri, wasu suka ce kwana ne ya ƙare. Ita ta ce ruwa ba ya tsami banza, ta sauka ɗakin ajiyar fayil ta fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

A fayil na shida ta lura da filastar. A na bakwai ma ga ta. Rubutu ƙanana, a tsaye cak, kamar an buga da inji. Ta hau sama ta tambayi Sista Babba.

"Wannan? Aikin Baba Agogo ne. Rabu da shi, tsufa ne."

Ta same shi a bakin ƙofa yana zuba wa tayar gado mai. Ta gaishe shi da ladabi, ta nuna masa fayil ɗin. "Baba, wannan lokacin na mene ne?"

"Lokacin da ƙafar mutum ta taka nan." Ya nuna dakalin ƙofar.

"Na gaban fayil fa, mai hatimi?"

"Lokacin da Mai Kati ya gama da shi."

Ta dubi gaba, ta dubi baya. Tsakaninsu awa ɗaya da minti hamsin. Ta zauna a kan bencin masu jira. Can ta ce, "Ka yi haƙuri da tambayar nan, Baba. Agogonka daidai yake?"

Kallon da ya yi mata, da a ce kallo na duka, da ta kwana a gadon da yake gyarawa. Ya ce, "'Yata, na bangon nan yana gaba da minti bakwai. Na ɗakin allura yana baya da huɗu. Na ofishin Shugaba ya tsaya tun bara, ba wanda ya lura. Nawa kuwa, in ya saɓa da minti ɗaya, ki karɓe shi ki jefa a kwata."

Ta tambaye shi me ya sa yake yi. Bai taɓa gaya wa kowa a asibitin ba, amma ranar ya faɗa, a taƙaice, idonsa a kan tayar gadon. Ta ji shi har ƙarshe. Ba ta yi masa daɗin baki ba. Ta ce, "Na matarka ba zan iya tabbatarwa ba, fayil ɗinta babu filasta. Amma na waɗannan zan iya." Ya ce hakan ma ya gode.

Wata biyu ta yi tana shan ƙurar ɗakin fayil. Ta fito da na masu bugun zuciya ɗari uku da goma sha biyu, kowanne da filastarsa. Lissafi ya nuna yawancinsu sai sun yi awa ɗaya da rabi a benci kafin hatimi ya san sun zo. Ashe minti talatin da takwas ɗin da ake tinƙaho da shi ya haura awa biyu.

A taron manya, Shugaban asibiti ya ce a yi hattara. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya riga ya manna takarda a allo. Ya ce yaya za a kai wa masana filastar mai turin gado a ce hujja ce? Dakta Me-ya-sa ba ta yi musu ba. Ta ɗauki kujera ta kafa a bakin ƙofa, mako biyu cur, tana rubuta lokacin isowar kowa da agogon wayarta, ba tare da ta leƙa abin da Baba ke rubutawa ba. Aka haɗa nata da nasa. Mutum ɗari da sittin da ɗaya, wuri biyu kawai suka saɓa, kuma a duka biyun ita ce ta amsa cewa ta tashi shan ruwa. Shugaba ya tashi da kansa ya je ya ɓare takardar daga allo.

Wanda abin ya fi girgizawa shi ne Mai Kati, bawan Allah mai tsantseni da bai taɓa makara aiki ba. Wanda ke tagar a zamanin matar Baba ya daɗe da barin aiki, amma wannan ma shekararsa bakwai yana buga hatimi. Ya zo ya sami Baba idonsa jawur, ya ce, "Ni fa cewa aka yi in buga lokacin da na buɗe kati. Abin da na yi ke nan." Baba ya matsa masa wuri a benci, ya raba shayinsa biyu ya miƙa masa rabi. Ya ce, "Agogo in yana ƙarya ba a dukan hannun da ke nuna lokaci. Ciki ake buɗewa."

Aka buɗe cikin kuwa. Na'urar awon zuciya da ke can hawa na biyu aka sauko da ita bayan ƙofar shiga, taku goma sha biyu daga dakali, Baba ne ya ƙirga. Allurar aka dawo da ita kabad ɗin da ke kusa, makulli a wuyan Sista Babba. Aka kafa doka cewa mai ciwon ƙirji kati ne zai bi shi, ba shi zai bi kati ba. Likitar ta tara masu turin gado da masu gadi ta koya musu abin da za su duba: hannu a dafe da ƙirji, gumi mai sanyi, ciwon da ke tafiya kafaɗa ko muƙamuƙi. Ta ja musu kunne cewa mata da tsofaffi sau da yawa ciki za su ce, ko gajiya. Aka ce a nemo abin da zai kira nas nan take. Baba ya zo da ƙararrawar wani tsohon agogon tebur da ya ajiye tun zamanin baranda, ya ɗaura ta a jikin ƙofa. Ƙararta ba daɗi ko kaɗan, dalilin da ya sa ya zaɓe ta ke nan.

Ba a yi kwana goma ba aka kawo wata mai ɗinki, ƙatuwar mace, da silin zare maƙale a zaninta. Ta sauko daga mota da ƙafarta tana faɗa da mijinta, wai olsa ce kawai, ya tashe ta daga keke ga ɗinkin mutane. Baba ya ga goshinta sharkaf, ya ga inda ta ɗora hannu. Ya taɓa jin wannan magana kalma da kalma. Ya manna mata filasta, sha ɗaya da minti shida.

"Malam, ina ake yankan kati?" in ji mijin.

"Kati zai same ku."

Ya ja ƙararrawa. Matar ta ce ita ba za ta hau gado kamar gawa ba. Ya ce, "Hajiya, ki hau ki zage ni a kwance." Ta hau tana zaginsa kuwa. Mutumin da duk unguwa ta sani da nawa, ranar Sista Babba ta ce ba ta ga wucewarsa ba, iska kawai ta ji. Sha ɗaya da minti sha ɗaya takardar awon zuciya ta fito, jijiya ce a toshe. Aka ba ta asfirin ta tauna. Sha ɗaya da minti ashirin da biyar allura ta shiga. Minti goma sha tara daga dakali. Ya koma bakin ƙofa ya zauna. Bayan mako uku matar ta dawo da ƙafarta, ta kawo masa riga da ta ɗinka masa ba tare da awo ba, ta yi masa yawa, ya sa ta a haka.

Da shekara ta zagayo aka sake lissafi, wannan karon daga dakali. Minti ashirin da bakwai. Masu mutuwa cikin wata guda sun sauko daga ashirin cikin ɗari zuwa tara. Asibitoci biyar cikin sauran suka duba nasu hatimin suka tarar ciwon ɗaya ne, suka ɗauki tsarin. Masana suna da dogon sunan da suka ba shi, ma'aikata kuwa tsarin filasta suke cewa.

Aka shirya taron bayyana sakamako a zauren asibiti, wata Asabar da hantsi. Likitar ta ce wa Baba ya gayyato iyalinsa. Ya yi ta jujjuya maganar kwana uku kafin ya gaya wa Uwata, shi ma a tsaye, kamar abin da ya tuna a hanya. Bai zaci za ta zo ba. Ta zo, kuma ta zo da Kawu, wanda yanzu sai da sanda.

Likitar ta haska hoton bangon fayil a allo: hatimi a gefe guda, filasta a ɗaya gefen. Ta haska wani, ta haska wani. Ta ce shekara da shekaru takardun asibitin nan suna gaya wa mutane sun kawo 'yan'uwansu a makare, alhali a kan benci aka makara. Ta ce mutum ɗaya ne ya ƙi yarda, kuma da ba don shi ba, akwai mutum talatin da wani abu da ke gidajensu yau da ba sa nan. Ta kira sunansa. Zaure ya tashi tsaye. Mai ɗinki tana gaba tana tafi da ƙarfin da likitar ta hana ta. Sista Babba tana share ido tana cewa ita fa tun farko ta san mutumin nan da abin da yake yi. Baba yana tsaye cikin rigarsa mai yawa, bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Layi na huɗu yake kallo, inda Uwata ke zaune.

Da aka watse, Kawu ya dogaro sandarsa ya zo. Sai ya kwance agogon hannunsa ya miƙa, ya ce, "Mai agogo, wannan ya tsaya mini tun watan jiya. In ka samu sarari ka duba." Shekara goma sha ɗaya rabon da ya roƙe shi wani abu. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai duba, Yaya.

Uwata ta jira har zauren ya rage su biyu da masu kwashe kujeru. Ta buɗe jaka ta ciro wata takarda da ta sha ninki har ta fara rabewa. Bai buƙaci a gaya masa ko wacce ce ba.

"Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ranar nan, ƙarfe nawa kuka iso?"

Ya daɗe yana jiran tambayar, amma da ta zo sai da ya nemi kujera. "Biyu da minti ashirin, Uwata."

"Tana magana a lokacin?"

"Tana yi. Cewa take in koma in kashe dutsen guga."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta bar shi ya zubo ba ta tashi neman ruwa a kan wuta ba. Da ta natsa ta shimfiɗa takardar a kan gwiwarta, ta miƙa masa hannu. "Kana da filasta?"

Yana da ita, yaushe ya taɓa rabuwa da ita. Ya yanko, ya ɗora a bayan hannunsa ya rubuta da ƙananan haruffan nan nasa. Ta karɓa ta manna a kan huɗu da minti biyar, ta danne da babban yatsa har sai da ta kama sosai.

Daga can ƙasa ƙararrawa ta yi ƙara, mummunar ƙarar nan tata. Ranar hutunsa ce, akwai wani a bakin ƙofa. Duk da haka ya juya wuyan hannu ya duba, ita ma ta leƙo ta duba tare da shi. Sha biyu saura minti tara.